Gargaɗi: wani ɗan kargo a Bauchi ya cinye mana N1,350,000 da kayan ɗakin ƙanwata

Jama'ar Bauchi, ku ji da kyau. Akwai wani mai shago a wajen Wunti da ke cewa yana aika kaya Ingila ta jirgin ruwa. Ɓarawo ne. N1,350,000 ya karɓa a hannuna, miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin, ban da kayan.

Ƙanwata ta tare gidan mijinta a Birmingham, jirgin sama ba zai ɗauki kayanta ba, shi ne aka ce a bi ta ruwa. Akwatunan lefe, keken ɗinki, kuloli, tukwane, turaren wuta, har da tasoshin da Hajiyarmu ta gada wajen kakarmu. Yanzu yarinya tana can cikin sanyi da tukunya ɗaya ta aro, kullum sai ta kira: "Yaya, jirgin ya taso?" Me zan ce mata?

Kada wani ya zo min da "ai da ka bincika". Na bincika. Shago na gani da idona, da sikeli, da rasit mai hatimi. A gabana ya auna kwalayen, ya naɗe su da salatif, ya rubuta sunanta da maka, har yana tambayata ko an sa kilishi, wai Ingila ba sa barin nama ya shiga. Kuma gaskiya ne ba sa bari. Wanda ya san wannan, wa zai ce ba ɗan sana'a ba ne? Aka kira azahar muka yi sahu ɗaya. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, amana ce, kayan ƙanwarka kayan ƙanwata ne." Wannan maganar ce take hana ni barci. Amana ce.

N850,000 na fara tura masa. Sai N180,000, wai kwantena ta kwana a Apapa ana cajin kuɗin ajiya. A'a, kafin wannan akwai N320,000 ta kwastam, wai ta Ingila, alhali a lokacin cewa yake kayan suna Tin Can, tashar jirgin ruwa a Legas. Yau Apapa, gobe Tin Can, jibi wai jirgi ya doshi Felixstowe, tashar jirgin ruwa a Ingila. Mijin yarinyar ne ya ce a turo lambar kwantena. Lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, tasa lambobi 6 ce, babu shafin kamfanin jirgin da ya santa. Takardar lodi kuwa, wai tana wajen yaronsa a Legas. Kuma wanda ya koma Ingila da zama fom ɗin ToR1 yake cikewa wajen HMRC, hukumar haraji da kwastam ta Ingila, don a yafe masa harajin kayan gidansa. To N320,000 ɗin ta wane kwastam ce, da naira, a asusun wani mutum daban?

Yanzu shago a garƙame, waya a kashe. Maƙwabcinsa ya ce ya ga an kwashe kwalaye a a-kori-kura da daddare.

Rasit, hotunan hirarmu ta WhatsApp da muryoyinsa duk suna nan, zan saka su bayan na kai ƙara ofishin EFCC na Gombe.

Kada ku biya ko sisi sai kun ga lambar kwantena ta fito a shafin kamfanin jirgi. N1,350,000, wallahi. Kuma har yau Hajiya ba ta san tasoshinta sun tafi ba, ni za a sa in faɗa mata.