Apache ya ƙi tashi a XAMPP: sauya ƙofa ko tsayar da IIS?

Ɗan'uwa, ka ce duk lokacin da ka danna Start a gaban Apache, wato sabar yanar gizo, a allon sarrafa XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfutarka sabar gwaji, sai jan rubutu ya fito yana cewa ƙofa (port) mai lamba 80 tana hannun PID 4, wato lambar shaidar aikin da ya riƙe ta, kuma har ka goge manhajar ka sake girka ta sau biyu ba a ga canji ba. Tambayarka ita ce, tsakanin sauya wa Apache ƙofa da tsayar da abin da ya riƙe ta, wanne ya fi.

Da farko, sake girkawa ba zai taɓa magance wannan ba, domin matsalar ba a cikin XAMPP take ba. A Windows, PID 4 na System ne, kuma idan shi ne ya riƙe ƙofa 80, galibi wani sabis ne ya nemi http.sys, ɓangaren Windows mai karɓar buƙatun yanar gizo, ya saurara masa a kanta. Mafi yawan lokuta IIS ne, wato sabar yanar gizo ta Microsoft, ta hanyar World Wide Web Publishing Service, wani lokacin kuma SQL Server Reporting Services. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta netstat -ano | findstr :80, lambar da ke ƙarshen layin da aka rubuta LISTENING ita ce ta mai riƙe da ƙofar.

Hanya ta farko ita ce tsayar da sabis ɗin. Ka buɗe services.msc, ka nemo World Wide Web Publishing Service, ka tsayar da shi, sannan ka mayar da yanayin tashinsa zuwa Disabled ko Manual, don kada ya sake kama ƙofar idan ka kunna kwamfutar gobe. Ribar wannan hanya ita ce adireshinka yana nan a matsayin localhost kawai, kuma duk darasin da kake bi zai yi daidai da abin da ke gabanka. Sai dai tana buƙatar izinin mai gudanarwa, kuma idan kana rubuta ASP.NET da ke dogaro da IIS, ka gyara wani aiki ne ka ɓata wani.

Hanya ta biyu ita ce sauya ƙofar. A cikin C:\xampp\apache\conf\httpd.conf, ka gyara layin Listen 80 da layin ServerName localhost:80. Mutane da yawa suna saka 8080, amma ni ban cika so ba, saboda Tomcat, sabar Java da ke zuwa tare da XAMPP, ita yake amfani da ita. 8081 ta fi kwanciyar hankali. Daga nan ka shiga Config a allon sarrafawa, ka gyara lambar a Service and Port Settings, in ba haka ba allon zai ci gaba da duba tsohuwar ƙofar yana yi maka gargaɗi. Idan 443, ƙofar HTTPS, ita ma a riƙe take, akwai wani gyaran a httpd-ssl.conf.

Wahalar wannan hanya tana bayyana ne daga baya. Kullum sai ka rubuta localhost:8081, kuma WordPress da ka riga ka girka yana ajiye adireshinsa a teburin wp_options, a siteurl da home, saboda haka zai riƙa mayar da kai tsohon adireshin har sai ka gyara su a phpMyAdmin. Na taɓa ɓata yamma guda ina zargin jigon shafin (theme), ashe waɗannan layuka biyu ne.

Tunda ka ce kwamfutarka ce ta kanka kuma PHP kawai kake koyo, ni dai tsayar da IIS zan zaɓa. Idan kuwa ta ofis ce ko ta makaranta, inda ba ka da izinin taɓa sabis, to ka sauya ƙofar. Idan bayan haka Apache ya sake mutuwa, ka karanta layukan ƙarshe na error.log a cikin C:\xampp\apache\logs kafin ka taɓa wani abu.