Yaron da ya sassaƙa min Diori Hamani a cikin ordinatar

Salamu alaikum jama'a. Mutane da yawa sun tambaye ni ta WhatsApp ina na samo hoton sassaƙar Diori Hamani mai kamar ta tagulla da na haska ma 'yan lakkol ɗinmu kafin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba, wasu har sun ɗauka a Musée Boubou Hama na je na ɗauko shi. To wallahi babu ƙarfe ko na sisi a ciki, wani yaro ne mai ɗan atelye a wajen Wadata nan Yamai ya sassaƙa shi da Blender, wani lojisiyel na ƙera siffofi a ordinatar, kuma shi Blender ɗin nan kyauta ake sauke shi a intanet.

Ni mushen lakkol ne, tarihi nake koyarwa, kuma na gaji da yara su riƙa jin sunan Diori sai su tuna filin jirgi kawai. Mutumin da aka haifa a Soudouré a 1916, ya yi malanta kamar mu kafin siyasa, ya riƙe ƙasar nan daga 1960 har juyin mulkin Kountché na 1974, ya rasu a Rabat a 1989, ina so su ga fuskarsa ta kowane gefe ba tsohon hoto mai hazo ba.

Na kai masa hotuna biyar, ya duba ya ce "Tonton, duk ta gaba ne, a nemo min na gefe ko guda ɗaya ne." Na ce ƙanena me ya yi zafi? Sai ya zaunar da ni kan benci ya nuna min. Da dunƙule ya fara kamar curin yumɓu a kan ekran, yana ja yana dannawa da alƙalamin tablet, kuma bai taɓa ido ko baki ba sai da ya gama da ƙashin kai, goshi, ƙashin kumatu, haɓa. Ya ce kamanni a ƙashi yake, in ƙashi ya kauce ko ka kwana kana gyaran gira wani mutum daban za ka fitar. Abinda ya fi burge ni ido ne, tunda tagulla launi ɗaya ce babu fari babu baƙi, sai ya haƙa ɗan rami a tsakiyar ƙwayar idon ya bar wani ɗan tsini a sama, inuwa ta cika ramin haske ya faɗa kan tsinin, nan take na ga mutum yana kallona.

Amma na farkon da ya turo min ban karɓa ba gaskiya. Sai ƙyalli yake ko'ina kamar kofin da ake ba 'yan ƙwallo. Na gaya masa ni na san tagulla, jan ƙarfe ne da kuza ake haɗawa, kuma na sha tsayawa wajen masu zubi ina kallon yadda suke gina siffa da kakin zuma su lulluɓe da yumɓu su narkar da kakin su zuba ƙarfe a gurbinsa, abin in ya kwana biyu duhu yake yi, kore-kore ya taru a lungu. Bai yi musu ba. Ya koma ya dusashe ƙyallin, ya zuba wannan koren a cikin kunne da ninkin babbar riga da gefen hula, ya bar kan hanci da goshi suna ɗan sheƙi kamar inda hannu ya saba shafawa. Sannan ya canza hasken, ya ce ƙarfe abinda ke kewaye da shi yake nunawa kamar madubi, sai ya sa masa hasken waje irin na bayan la'asar. Kai, bambancin sama da ƙasa ne.

Inda na ji haushi alkawari ne. Kwana goma ya ce, sai da muka yi sati uku, yau an ɗauke kuran, gobe ordinatar ta yi zafi ta tsaya tsakiyar fitar da bidiyo, kuma in ka kira ba ya ɗauka sai dare. Na san uzurin gaskiya ne amma saƙo guda ai ba ya gagara. Jika talatin na biya, ya ba ni hotuna huɗu da bidiyo gajere mai juyawa a kile USB, ban ga tsada ba. Wanda zai je ya riƙe rabin kuɗinsa sai aiki ya fito.

Inna ta leƙo ta ce wannan ba gunki ba ne? Na ce mata a cikin waya yake kuma don karatu ne, ba zan bari a zuba shi a ƙarfe ba, ta yi shiru ta tafi. Sai na miƙa ma Baba wayar ban faɗi komi ba, shi da yake saurayi a zamanin Diori. Ya sa gilashi, ya matso da ita kusa da fuska, bidiyon bai gama juyi ɗaya ba ya ce "Diori ne, Allah ya jiƙan maza," ya ce in sake kunna masa.