Wane littafi za a saya don nazarin iyalan Ojibwe da makarantun kwana na tilas?

Malamin adabi ko ɗalibin da aka ba wannan batu zai tarar da littattafai birjik a kasuwar intanet, kuma kuɗin aiko littafi daga waje ba ƙarami ba ne a wannan zamani. Gara a san abin da ake nema tun kafin a biya.

Ojibwe al'umma ce ta asali da ke zaune a kewayen manyan tafkunan Arewacin Amurka, wasunsu a Kanada, wasu a Amurka. A Kanada, yara kimanin 150,000 na al'ummomin asali aka tusa a makarantun kwana da gwamnati ke biyan kuɗinsu coci-coci suna gudanarwa. A can ake aske musu gashi, a hana su harshensu, wani lokaci a sauya musu suna. Ba a rufe na ƙarshe ba sai a shekarun 1990. Amurka ma tana da irin nata, wanda makarantar Carlisle ta 1879 ta zama abin koyinsa. Tsarin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, don haka mai saye ya fara duba wace ƙasa manhajarsa ta nufa.

Idan Kanada ce, ni dai Indian Horse na Richard Wagamese zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ya fito a 2012, shafuka ɗari biyu da 'yan kai, babi-babi gajeru, Turancinsa kuma ba mai sa a yi ta buɗe ƙamus ba ne. Saul, mai ba da labarin, yana cibiyar masu neman rabuwa da giya lokacin da ya fara rubuta tarihinsa. Wansa ya rasu da tarin fuka da ya kwaso a makaranta, iyayensa sun tafi da gawar ba su dawo ba, kakarsa Naomi kuma ta cika cikin tsananin sanyi tana rungume da shi. Daga nan aka kai shi makarantar St. Jerome. Wurin da ya fi kama ni shi ne inda yaron ke tashi da asuba ya share filin ƙanƙara, sannan ya ɗebo kashin doki da ya daskare ya riƙa koyon buga hoki da shi, shi kaɗai, kafin kowa ya farka.

Akwai abu biyu da ya kamata a sani. Hokin kan ƙanƙara ya cinye kaso mai yawa na littafin, kuma ɗalibin da bai taɓa ganin wasan ba zai ɗan sha wuya, sai malami ya nuna masa bidiyo ko da na minti biyar. Na biyu, kusa da ƙarshe Saul ya tuno lalatar da wani babba da ya yarda da shi ya yi masa. Malami ya karanta wannan babin tukuna kafin ya miƙa wa 'yan ƙasa da shekara sha biyar. An yi fim ɗinsa a 2017, shekarar da marubucin ya rasu, amma fim ba ya maye gurbin karatu.

Wanda iyali ne gaba a nazarinsa, LaRose na Louise Erdrich ya fi ba shi abin tattaunawa. Ya fito a 2016, labarin kuma a jihar Dakota ta Arewa yake, a 1999. Landreaux ya fita farautar barewa, harsashi ya sami ɗan maƙwabcinsa mai shekara biyar. Shi da matarsa suka bi tsohuwar al'adar kakanni suka ba maƙwabtan ɗansu LaRose. Bahaushe da ya saba da riƙon 'ya'ya tsakanin dangi zai gane nauyin wannan kyauta nan take. Makarantar kwana tana shigowa ta tarihin kakanni masu suna LaRose, da kuma labarin yadda Landreaux da abokinsa Romeo suka gudu daga makaranta suna yara. Sai dai littafin ya fi tsawo sosai, mutanen ciki da yawa, zamani yana gaba yana baya. Na jami'a ne, ko na ƙungiyar masu karatu da ba su gaggawa.

Ga ƙaramin aji ko mai ƙarancin lokaci, akwai Secret Path na Gord Downie da Jeff Lemire, shi ma na 2016. Zane ne kusan duka, tare da waƙoƙi goma. Labarin Chanie Wenjack ne, yaro ɗan shekara 12 da ya gudu daga makarantar Cecilia Jeffrey a garin Kenora na Kanada cikin watan Oktoba 1966, ya bi layin dogo da nufin isa gida mai nisan kilomita kusan 600, da 'yan tsinken ashana a ƙaramar kwalba, sanyi da yunwa suka kashe shi a hanya. A zama ɗaya ake gama shi. Masu aikin ba 'yan Ojibwe ba ne, kuma wannan ma abin tambaya ne a aji. Wannan kam na takarda za a nema, domin manyan zanensa ba sa fita da kyau a waya.

Kada a ruɗe da wasu biyu da kan fito a jerin bincike. Five Little Indians na Michelle Good littafi ne mai kyau, amma marubuciyar 'yar al'ummar Cree ce, ba Ojibwe ba, labarin kuma a yammacin Kanada yake. The Birchbark House na Erdrich kuwa Ojibwe ne zalla, sai dai a 1847 yake, kuma ba batun makaranta yake ba.

Mai ɗan rarar kuɗi ya haɗa Indian Horse da Indian School Days na Basil Johnston, wanda ya fito a 1988. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, tarihin zaman marubucin ne a makarantar limaman Jesuit na cocin Katolika da ke garin Spanish a lardin Ontario na Kanada, har da barkwancin da yaran ke yi don su jure. Rahoton hukumar gaskiya da sasantawa ta Kanada na 2015, da shawarwarinta 94, kyauta yake a intanet, ba sai an kashe ko sisi ba.