Gidan abincin cikin wasan kwaikwayo: kifinsa ya yi, tallarsa ce a ɓoye

A bakin kogin Isa, ba nisa da gadar Kennedy, akwai wani gidan abinci da mutanen Yamai da dama suka sani tun kafin su taka ƙafa cikinsa, domin wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa a talabijin ya mai da shi mazaunin taurarinsa. Can ake sulhu, can ake zance, can ake ƙulla makirci, kuma duk sanda aka shiga sai kyamara ta ɗan dakata a kan allon ƙofa har mai kallo ya gama karanta lambar waya. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda tallar da ya samu ta ishe shi.

Maganar gaskiya, abincin ba shi da makusa. Giwan ruwan da suke gasawa a kan gawayi yana zuwa da zafinsa, fatar ta yi ƙamas-ƙamas, tsokar tana rabuwa da ƙaya ba tare da ta dagargaje ba, an lulluɓe shi da albasa da tumatir, ga yaji a gefe wanda bai danne ɗanɗanon kifin ba. Dambun zogalensu ma ya sha ƙuli-ƙuli da mai daidai misali, irin wanda ba ya shaƙe mutum. Zoɓon ne sukari ya yi wa yawa. Bayan magariba kuwa jira yana tsawo, sauron bakin kogi kuma ba ya raga wa kowa, abin da ba a taɓa nunawa a wasan ba.

Inda nake da ja shi ne hoton da wasan ya zana wa mutane. A cikinsa akwai wani saurayi mai koyon gyaran babur da ke zuwa kusan kowane kashi, ya kira ma'aikaci ya ce, "Ɗan'uwa, kawo irin na kullum," a dire masa kifi guda cur, ya ci ya tashi ba a ga hannunsa ya shiga aljihu ba. A zahiri matsakaicin kifi da abin haɗinsa ya kai ni jika shida, wato sefa dubu shida. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun Janairun 2024, wato wanda ke karɓar wannan kuɗin zai ƙarar da na watansa a faranti bakwai. Tallar da aka yi a fili, mai kallo ya san ciniki ake nema da shi, yana iya rage sauti ko ya tashi ya yi alwala. Wadda aka saƙa cikin labari kuwa tana shiga ne ta bakin wanda ake ƙauna, har yaro ya ɗauka cewa haka samarin birni ke ci kullum, ya raina tuwon gidansu.

Ba laifi ba ne masu shirya wasa su nemi kuɗi ta wannan hanya, domin kowa ya san kayan aiki da sallamar ƴan wasa ba kyauta suke ba. Abin da ya rage shi ne a gaya wa mai kallo. Faransa ta halatta irin wannan talla a wasannin talabijin a 2010, bisa sharaɗin a sa alamar harafin P na tsawon minti ɗaya a farkon shiri, kuma ta hana a tallata giya, taba, magunguna, bindigogi da madarar jarirai ta wannan hanya. Birtaniya ta bi sahu a 2011 da tata alamar. A wannan wasan, iyakar abin da na gani shi ne sunan gidan cikin jerin waɗanda ake yi wa godiya a ƙarshe, rubutun yana gudu, lokacin da yawancin masu kallo sun riga sun canza tasha.

Wanda ke son zuwa ya je da la'asar sakaliya, ya zaɓi teburin da ke kallon ruwa, kuma ya nemi a nuna masa kifin a faɗa masa kuɗinsa kafin a ɗora shi a wuta, domin girmansa ake bi wajen yanke farashi, takardar da ke kan tebur ba ta faɗi haka ba.