FullCalendar: gyaran tsari da launi, bayan na yi aiki da shi

FullCalendar kalanda ce ta JavaScript da ake dasawa cikin manhajar intanet don tsara alƙawura: ganin likita, jadawalin darasi, ajiye ɗakin taro. Adam Shaw ne ya fara shi, kuma ainihin jikinsa kyauta ne a ƙarƙashin lasisin MIT. Siga ta 6 na yi aiki da ita wajen haɗa jadawalin ganin marasa lafiya, kuma hukuncina shi ne: wajen tsari yana sakar wa mutum mara sosai, wajen launi yana da sauƙi, amma wanda ya fara da launi kafin ya daidaita layukan lokaci zai yi aikin sau biyu.

Idan aka buɗe timeGridWeek, wato tsarin da ke nuna mako da layukan lokaci, yadda ya zo, awa 24 yake nunawa, kowane layi minti 30, wato layi 48, sannan ya gangara da kansa zuwa ƙarfe 6 na safe. Wurin da ke buɗewa 8 ya tashi 6 na yamma ba ya bukatar wannan tulin. Ka sa slotMinTime a 08:00, slotMaxTime a 18:00, ka kashe allDaySlot in ba ka da abin da ke cin yini guda. Sai slotDuration, inda matsalar take. Da ka mai da shi minti 15, awa goman nan ta zama layi 40. Tsayin kowane layi 1.5em ne, kusan fiksel 24 a rubutu mai girman 16, don haka alƙawarin minti 15 layi ɗaya tak yake samu: lokaci da sunan mutum su matse wuri guda, sunan ya yanke a tsakiya. Ma'aikaciyar kati ta ga "9:15 Abdul", ba ta san Abdullahi ba ne ko Abdulƙadir. Maganinsa ƙara tsayin layi zuwa 2.2em ko makamancinsa, amma fa shafin zai kai fiksel 1400, sai an riƙa gangarawa. Dole ka zaɓi ɗaya, ko yini duka a ido guda ko suna cikakke. Ni suna na zaɓa, na kunna nowIndicator domin jan layin nan ya nuna inda ake a yanzu.

A nan akwai wani abu da ke ɓata wa mutane lokaci. Idan ka rubuta dokar CSS, wato harshen da ke tsara kamannin shafi, a kan .fc-timegrid-slot kaɗai, ba za ta yi aiki ba, domin dokarsu ta asali tana da .fc a gaba, ta fi taka nauyi. Sa .fc ɗin kai ma. Kada ka saba da !important, gaba zai hana ka gyara naka da kanka.

Ranaku ba su da wahala. firstDay a 1 ya fara mako daga Litinin, hiddenDays ya ɓoye Lahadi. businessHours yana karɓar jeri, saboda haka ana iya raba Juma'a gida biyu, safe da bayan sallah, tsakaninsu ya fito da toka-toka. In ka haɗa da selectConstraint, ba mai iya zaɓen wannan lokacin bisa kuskure. Wannan ya burge ni ƙwarai, layi kaɗan ne kuma ya yi abin da ake so.

Launi kuwa, tun siga ta 5 suka koma amfani da masu sauyawa na CSS, kuma a ta 6 ba ma sai ka ɗora fayil ɗin CSS daban ba, yana zuwa cikin JavaScript ɗin. Biyar ne suka fi tasiri: --fc-border-color na layuka, --fc-today-bg-color na ranar yau, --fc-event-bg-color na akwatin alƙawari, --fc-button-bg-color na maɓallai, da --fc-page-bg-color. Cikin minti goma kalandar ta ɗauki kamannin manhajarka. Sai dai shuɗin da ya zo da shi, #3788d8, da farin rubutu a kai, bambancin haskensu bai wuce kusan 3.7 ba, alhali WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa, 4.5 take nema ga ƙananan haruffa. A ɗaki mai hasken rana, a kan tsohon allon kwamfuta, rubutun dusashewa yake yi. Ka ƙara wa shuɗin duhu tun ranar farko. Haka in kana ba kowane likita launinsa ta backgroundColor, tuna cewa rubutu ba ya sauya kansa, fari zai zauna ko da ka sa rawaya a ƙasa, sai ka ba shi textColor. Na fi son eventClassNames, launukan su zauna a CSS wuri guda maimakon su watsu cikin bayanai.

A siga ta 6, baƙin jigo na dare ba ya zuwa a shirye, kai za ka haɗa. Wanda ya manta --fc-page-bg-color zai ga farin fili ya ɓullo a taken ranaku da ƙaramin akwatin da ke buɗewa idan alƙawura sun yi yawa. Akwai jigon bootstrap5 ga masu amfani da Bootstrap, amma yana bukatar Bootstrap Icons, in babu su kibiyoyin gaba da baya sukan fito fanko.

Hausa ba ta cikin harsunan da aka haɗo masa. Maɓallai suna gyaruwa da buttonText: Yau, Wata, Mako, Rana. Sunayen ranaku kuwa daga manhajar buɗe shafukan intanet (burauza) yake ɗauko su, kuma ba kowacce ke da na Hausa ba, shi ya sa na rubuta jerina, Lahadi zuwa Asabar, na saka ta dayHeaderContent. Mai son rubutu daga dama zuwa hagu, direction a rtl yana juya kalandar gaba ɗaya.

Inda ya gaza a ganina shi ne waya. Rana bakwai a allo mai faɗin fiksel 360, kowacce ba ta kai 50 ba, ba abin da ke karantuwa, kuma ba ya sauya tsari da kansa. Sai ka duba faɗin allo, ka kira changeView zuwa listWeek ko timeGridDay, ka rage maɓallan headerToolbar don kada su hau kan juna. Wata matsalar: in ka zana kalandar cikin sashen da yake ɓoye, za ta fito a murƙushe, domin ta auna faɗi ta samu sifili. Kira updateSize bayan sashen ya bayyana.

Abu biyu kuma suna kama da matsalar tsari alhali na lokaci ne. Ranar ƙarshe ta abin da ke cin yini ba ta shiga lissafi, hutun 3 zuwa 5 ga wata sai ka rubuta ƙarshensa 6. Sannan timeZone yana bin agogon na'urar mai kallo, don haka in uwar garke ta aiko lokacin UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, ba tare da alamarsa ba, alƙawura za su goce da awa ɗaya a Najeriya da Nijar.

Kafin ka yi wa kowa alkawarin ginshiƙi ɗaya ga kowane likita ko kowane ɗaki, sani cewa resourceTimeGrid da resourceTimeline na ɓangaren Premium ne, aikin kasuwanci sai da lasisin kuɗi, kuma in ba mabuɗi gargaɗi yana fitowa a ƙasan kalandar. Wurin da likita ɗaya ko biyu ne, na kyautan tare da launi ya wadatar. Daga huɗu zuwa sama akwatunan sun fara hawa kan juna, ko ka kashe slotEventOverlap sirancewa kawai za su yi, a nan sai a sa kuɗin lasisin cikin lissafi tun kafin a fara aikin.