Wata goma sha takwas da statin bayan bugun zuciya: abin da gwajin jini ya nuna mini

Ranar da aka sallame ni daga asibiti, an miƙo mini takarda ɗauke da magunguna biyar. Kwana huɗu kafin nan na samu bugun zuciya ina da shekara 54. Ta jijiyar wuyan hannuna aka zura wani siririn bututu har zuwa zuciya, aka buɗe jijiyar da ta toshe, aka bar 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada ta sake rufewa. Aspirin da ticagrelor na gane aikinsu, hana jini daskarewa ne a kan ragar. Na hawan jini ma ban yi musu a kansu ba. Wanda hankalina bai kwanta da shi ba shi ne atorvastatin, ɗaya daga cikin magungunan rage kolestarol (wani kitse da ke cikin jini) da ake kira statin, miligiram 80 kullum, wai har iyakar rayuwa.

Mugun kolestarol ɗin nan da ake kira LDL, nawa ya kai 4.6 milimol a kowace lita ranar da aka kwantar da ni. Likitar zuciyar da ke duba ni ta ce ga wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa, ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2019 ita ce a sauko da shi ƙasa da 1.4, wato 55 a ma'aunin miligiram, kuma a rage aƙalla rabin yadda yake da farko. Na ce mata ai sai in daina cin maiƙo. Ta ce, "Malam, daina cin maiƙon zai taimaka, amma mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikinka hantarka ce ke haɗa shi, ko ka ci ko ba ka ci ba." Statin yana danne wani sinadari ne a hanta da ake kira HMG-CoA reductase, wanda da shi take haɗa kolestarol. Idan hanta ta rasa na kanta, sai ta koma tana zuƙo LDL daga cikin jini.

Bayan mako shida aka sake gwaji, ya sauko zuwa 2.2. Ƙwaya ɗaya ta rage shi da fiye da rabi, ni kuwa ban ji komai a jikina ba. Wannan rashin jin komai shi ne wahalar maganin. Maganin ciwon kai kana sha ka ji sauƙi, shi wannan sai takardar gwaji ce kawai ke ba ka labarinsa.

A wata na uku cinyoyina suka fara tsami. Da safe idan zan sauko daga gado sai in ji kamar na yi doguwar tafiya jiya. Na shiga intanet, kuma duk wanda ya nemi abin tsoro a kan statin zai same shi har ya ishe shi. A wata na huɗu na ajiye ƙwayar ban gaya wa kowa ba, ko matata. Na sayi ƙwayoyin tafarnuwa, da man kifi, da wata ƙwaya ta jar shinkafa da aka ruɓar da ita da yis, wadda aka rubuta a jikin kwalbarta cewa daga tsirrai take. Wata uku ina shan su ba fashi, ina kuma kiyaye abinci sosai.

Sakamakon ya fito 4.1.

Har yanzu ina tuna yadda likitar ta ɗora takardun biyu gefe da gefe a kan tebur, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko ina shan maganin. Da na faɗi gaskiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ka zo ka gaya mini tun ranar da ciwon ya fara, da mun canza maka. Wata uku jijiyoyinka suna nan babu kariya." 'Yata da ta raka ni ta dube ni ta ce, "Baba, me ya sa?" Wannan tambayar ta fi duk wani faɗa zafi a wurina.

A nan ne na san cewa abin da ke aiki a jar shinkafar, monacolin K, shi ne dai lovastatin, statin na farko da aka amince da shi a Amurka a 1987. Wato na gudu daga statin da aka auna na koma ga statin da ba a san adadinsa a kowace ƙwaya ba. A 2024 ma an janye irin wannan ƙwaya daga kasuwa a Japan bayan masu shanta sun kamu da ciwon koda. Asalin statin ɗin kansa daga naman gwari yake, wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano shi a shekarun 1970. Don haka rabon da nake yi tsakanin "na halitta" da "na bature" ba shi da tushe tun farko.

Sauran ƙwayoyin fa? A 2022 asibitin Cleveland Clinic a Amurka ya gwada rosuvastatin miligiram 5 kacal da ƙwayoyin ƙari shida: man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkum, sinadarin sterol na tsirrai, da jar shinkafar. Cikin kwana 28 statin ya rage LDL da kusan kashi 38 cikin ɗari, sauran shidan babu wanda ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta. Binciken ƙarami ne kuma gajere, amma ya yi daidai da abin da na gani a takardata. Man kifi yana rage wani kitsen daban, tiragilisaraid, kuma shan sa da yawa na iya jawo rikicewar bugun zuciya, abin da mai irin lalurata ba ya buƙata.

Game da ciwon tsokar, ba zan ce ƙarya jikina ya yi mini ba, na ji shi. An gwada sinadarin CK da ke nuna lalacewar tsoka, lafiya lau. Likitar ta ba ni labarin binciken SAMSON na Ingila a 2020, inda mutum 60 da suka daina statin saboda illa suka riƙa shan maganin wani watan, wani watan ƙwayar banza, ba su san wanne ne wanne ba. Kashi 90 cikin ɗari na ciwon da suka ji da statin sun ji shi da ƙwayar banzar ma. Ni kuwa a watannin ne na fara atisayen tafiya bayan shekaru ina zaune. Ko maganin ne ko tafiyar, an mayar da ni kan rosuvastatin miligiram 20, kuma tsamin bai dawo ba. Ta dai gargaɗe ni cewa idan ciwo ya yi tsanani har fitsari ya koma baƙi-baƙi, in zo asibiti nan take, domin wannan illar ba kasafai take faruwa ba amma tana da haɗari.

Rosuvastatin ya kai ni 2.1. Ninka adadin statin yana ƙara rage LDL da kamar kashi 6 ne kawai, shi ya sa aka haɗa mini da ezetimibe miligiram 10, wanda ke hana hanji tsotsar kolestarol. Ya sauko 1.6.

Abinci na ba shi haƙƙinsa, amma ba fiye da haka ba. Na rage kitsen nama, man shanu da soye-soye, na ƙara wake, hatsin ot, kifi, ganye da man zaitun. Na rage kilo bakwai, hawan jinina ya daidaita, numfashina ya buɗe. A lambar LDL kuwa ɗan abin da ya ƙara kaɗan ne.

Abin da ba na jin daɗinsa shi ne sukarin jinina ya ɗan hau. An san statin na ƙara haɗarin ciwon suga kaɗan, musamman ga wanda dama yake bakin iyaka, don haka ana auna ni duk wata shida. Sai kuma tuna wa kowane likita cewa ina shan sa, domin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa jituwa da wasu statin. Na auna waɗannan da binciken ƙasashen Sikandinebiya na 1994, inda aka bi masu ciwon zuciya 4,444 sama da shekara biyar, wani statin mai suna simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari, na ga babu abin tsayawa shawara.

Gwajin makon jiya ya nuna 1.5, alhamdu lillahi. Saura ƙiris a kai 1.4, kuma likitar ta ce idan bai sauka ba nan da wata uku za mu zauna a kan allurar evolocumab da ake yi duk mako biyu. Kwalaben ƙwayoyin ƙarin na zubar da su. Na statin yana nan kusa da buroshin haƙorina, kuma matata ce ke ƙirga ƙwayoyin duk ƙarshen mako, ni na roƙe ta ta riƙa yin haka.