Baba mai gyaran agogo na gefen Wunti: ku je wajensa kafin ku bari a buɗe muku otomatik

Jama'a masu ɗaura agogon otomatik a Bauchi, wato wanda motsin hannu ke tafiyar da shi ba batir ba, in naku ya tsaya don Allah kar ku yi saurin miƙa wa duk wanda kuka gani da tebur da batira a gabansa. Akwai wani dattijo da ke zama a gefen kasuwar Wunti, teburinsa ɗan ƙarami ne da akwatin gilashi a kai, kowa Baba yake ce masa, shi nake so in ba ku labarin aikinsa don gaskiya na gamsu, kuma inda yake da rauni ma zan faɗa.

Abin da ya kai ni, tsohon Seiko 5 ne na mahaifinmu, irin wanda alhazai ke zuwa da shi daga Saudiyya mai ranakun mako da Larabci da Turanci. Ya daɗe a ajiye ya tsaya cik. Wani yaro mai gyara a wata unguwa ko jijjiga shi bai yi ba ya ce min inji ya mutu, wai a cire cikin gaba ɗaya a sa masa injin batir. Wannan abin yana min ciwo wallahi, don agoguna nawa masu lafiya aka kashe a garin nan ta haka, a zare injin asali a sa na roba, mai agogo ya tafi yana murna allura na tafiya bai san an raba shi da abin da ya sa agogon yake da daraja ba.

Baba da ya karɓa bai ɗauko sukundireba ba sam. Ya kwantar da shi a tafin hannu fuska sama, ya riƙa kaɗa shi hagu da dama a hankali wajen sakan 30, ya kai kunne ya saurara, sai ga allurar sakan ta kama tafiya. Ya ce "ɗana, wannan lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai." Na ce Baba to ba a yi masa wani ta maɓallin gefe ne? Ya ce wannan samfurin ko ka kwana kana murza maɓallin ba abin da zai shiga, ya juya bayan ya nuna min lambar 7S26 da aka zana a murfin. Kuma haka ne, wannan inji da Seiko suka fito da shi a 1996 ba a yi shi da wani na hannu ba, motsi kawai ya sani, kuma ko ka ja maɓallin allurar sakan ba ta tsayawa. Sabbin Seiko 5 Sports da suka fara fitowa a 2019 su ne masu injin 4R36, su kam ana musu wani da hannu kuma sakan na tsayawa in za ka saita lokaci. Yawancin rikicin da mutane ke yi daga nan yake, wani ya ga abokinsa na murzawa agogo ya tashi, shi ya murza nasa shiru, shikenan sai ya ce ya lalace.

Bayanin da ya yi min na yadda cikin yake shi ya fi burge ni, don akwai wani agogon a buɗe a gabansa ya miƙo min gilashin idonsa na leƙa. Wani faifan ƙarfe ne rabin da'ira mai nauyi, duk sanda hannunka ya motsa sai ya juya, juyawar ita ke naɗe sifirin da ke cikin wani ɗan gwangwani, sifirin kuma yana warwarewa kaɗan kaɗan yana tura allurai. Ba batir ko ɗaya a ciki. A na Seiko akwai wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da suka ƙirƙiro tun 1959 suna kiransa Magic Lever, ko ta wane gefe faifan ya juya wani yake yi, shi ya sa ɗan kaɗawa kaɗan ya isa ya tashe shi. Dabarar kanta tsohuwa ce, wani Baturen Ingila John Harwood ne ya fara da agogon hannu mai yi wa kansa wani a shekarun 1920, Rolex suka zo da faifan da ke zagayawa gaba ɗaya a 1931, shi kuma Seiko 5 ya fito a 1963.

In sifirin ya cika maƙil, abin da zai ɗauka a ajiye wajen awa 40 ne ko 41. To ku lissafa, ma'aikaci ya dawo daga masallacin Juma'a ya cire agogo ya ajiye, bai sake ɗauka ba sai safiyar Litinin zai tafi sakatariya, ai an haura awa 60, dole ya same shi a tsaye. Haka mai zaman shago ko ofis da hannunsa ke kan tebur tun safe, agogon na hannunsa amma sifirin bai taɓa cika ba, sai ya riƙa tsayawa cikin dare. Baba ya ce irin waɗannan su suka fi zuwa masa, kuma ba ya karɓar musu ko sisi, nuna musu kawai yake yi su tafi. Ni ma a ranar bai karɓi komai ba sai da na matsa masa.

Ga mai agogon da ake wa wani da hannu, ga yadda Baba ya nuna wa ƙanina da nasa sabon. Ka fara cire shi daga hannu tukuna, don murzawa yana ɗaure tana danne sandar maɓallin ta gefe har ta lanƙwashe. Kar ka ja maɓallin waje, a inda yake za ka murza shi gaba wajen ƙarfe 12, a hankali, sau 20 zuwa 30, sai ka ɗaura sauran hannunka zai ƙarasa. In naka irin na masu ninƙaya ne da maɓallin ke ɗaurewa kamar noti, sai ka kwance shi tukuna, in ka gama ka mayar ka ɗaure. Ƙanina ya ce Baba in na wuce ƙa'ida sifirin ba zai tsinke ba? Ya ce a otomatik in ya cika zamewa yake yi a jikin gwangwanin, ba kamar na da can mai wani zalla ba da za ka ji ya ƙage.

Wajen kwanan wata kuwa nan ne ya ɗan ɗaga murya, ya ce nan ake yi wa agogo illa ta gaske. Daga 9 na dare zuwa 4 na asuba haƙoran da ke juya kwanan wata da rana sun riga sun kama aiki, in ka ja maɓalli ka tilasta musu za ka iya karya su. Kuma agogon da ya tsaya a ƙarfe 11 ba ka san na safe ne ko na dare ba. Sai ka fara kai allurai wajen ƙarfe 6, ka sa kwanan jiya, sannan ka riƙa tura allurai gaba har kwanan ya sauya da kansa, nan ka san sha biyun dare ne, daga nan ka kai lokacin da kake ciki. Ban taɓa jin wani mai sayar da agogo ya tsaya ya yi wa mai saye wannan bayanin ba.

Namu dai ya ce in ɗaura shi sosai sannan in ajiye in ga awa nawa zai yi. Da bai kai kwana ɗaya ba na mayar masa, ya ce to yanzu ne ya cancanci a buɗe, man ciki ya bushe. Kamfanin ma shawararsu sabis duk shekara 2 zuwa 3, namu kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ya wargaza shi, ya wanke, ya sa mai da bakin wata 'yar allura, ya canja robar murfin saboda ruwan alwala. Har ɗan kamfas irin na duba alƙibla ya kawo kusa da shi don ya ga ko ya kwashi maganaɗisu, ya ce masu ajiye agogo kan sifika ko jikin waya su ne nasu ke gudu fiye da kima.

Rauninsa kuma, na farko jinkiri. Ba shi da na'urar auna gudun agogo, da agogon waya yake gwadawa yau ya duba gobe ya duba ya ɗan taɓa, saboda haka in kana gaggawa za ka gaji da zarya, in kuma wani abu ya karye sai an aiko daga Kano. Teburin a waje yake, lokacin hunturu da ƙurar nan kofin gilashi yake kifawa kan kayan cikin, yana ƙoƙari amma raina bai kwanta ba, da zan ba da shawara a kai masa babban aiki bayan ƙura ta lafa. Ba ya ba da rasit, a littafi yake rubuta sunanka da lambar murfin agogo, to ka ɗauki hoton naka gaba da baya kafin ka bari. Turansifa ma sai ta wajen wani mai POS da ke kusa.

Kuma kar ka je da tsammanin zai mayar maka da shi daidai da waya. Shi kansa 4R36 a takardarsa an yarda ya yi gaba da sakan 45 ko baya da 35 a rana, wanda ba zai jure wannan ba gara ya sayi na batir tun farko. Namu tun da ya dawo ɗan gaba yake yi kaɗan, ranar Juma'a nake daidaita shi, kuma yana kusan kwana biyu a ajiye kafin ya tsaya. In za ku je ku bari sai bayan azahar, da safe mutane sun yi masa yawa ba zai samu sukunin yi muku bayani ba.